Minti Biyu da Rabi a Gaban Alƙalai: Dokar Tsaro da Ragin Maki a Wasan Zuga na Makarantun Amurka

A cikin watan Fabrairu na kowace shekara, sa'ad da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Amurka, dubban 'yan makarantun sakandare, mafi yawansu 'yan mata masu shekara 14 zuwa 18, sukan ɗunguma tare da iyayensu da malamansu zuwa birnin Orlando na jihar Fulorida, inda tun shekarar 1980 ake yin babbar gasar ƙasa ta wani wasa wanda su Amurkawa suke kira ciyalidin, mu kuwa in za mu raɗa masa suna sai mu ce wasan zuga, tun da yake asalinsa zuga 'yan ƙwallo ne da tayar da tsimin 'yan kallo. Kowace ƙungiya takan yi wata da watanni tana shan wahalar horo, amma abin da za a ba ta a gaban alƙalai bai wuce minti biyu da rabi ba, a bisa wata shimfiɗa mai tsawon ƙafa 54 da faɗin ƙafa 42, wadda aka haɗa da dogayen katifu tara. Alƙalan nan kuwa kashi biyu ne. Akwai masu bayarwa, waɗanda ke auna wuyar abin da aka yi da kyawun yinsa. Akwai kuma masu karɓewa, waɗanda ba su da wani aiki sai lura da wadda ta faɗi, da wadda ta taka iyaka, da wadda ta ƙetare doka. Da alƙalamin waɗannan na biyun ne dokar tsaron lafiya take tashi daga takarda ta zama abin da ake jin tsoro.

Shi wannan wasa da fari ba shi da wani haɗari face dishewar murya. Masu tarihi sukan kai asalinsa ga wani ɗalibin Jami'ar Minisota mai suna Johnny Campbell, wanda ya fito gaban 'yan kallo a watan Nuwamba na 1898 ya riƙa ba da baiti jama'a suna amsawa, kuma shekaru da dama bayan nan aikin maza ne kusan zalla, har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da samari suka tafi fagen fama mata suka gaje fili. A 1948 Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar horar da 'yan zuga a Tekzas, a 1974 kuma Jeff Webb, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya ɓalle ya kafa tasa a birnin Memfis, ya cusa wa wasan alkafura da ɗage-ɗage da gasar da ake nunawa a talabijin. Sai al'amarin ya zama tamkar maroƙin da ke yi wa ɗan dambe kirari a gefen fage, aka wayi gari shi ma ya ɗaure hannu ya shiga, alhali kuwa jama'a ba su daina yi masa kallon maroƙi ba. A yau 'yan matan da ke shiga gasar zuga a makarantun sakandare sun haura 150,000, ban da masu yi a gefen fili kawai.

Wanda bai taɓa gani ba yana bukatar a fayyace masa rukunan abin kafin ya fahimci dokarsa. A kowace ɗagawa akwai ginshiƙai, watau waɗanda ƙafafunsu ke ƙasa suna ɗauke da nauyi. Akwai ta sama, wadda ake ɗorawa a kan tafukan hannu, wani lokaci a kan ƙafa ɗaya tak, hannuwan ginshiƙai a miƙe har ƙarshensu. Sa'an nan akwai mai tsaron baya, wanda ba a ɗora masa kome ba sai kiyaye kai da wuya da kafaɗun ta sama in ta zo faɗuwa. In aka haɗa ɗagawa biyu ko uku, na sama suka riƙe hannun juna, an gina dala ke nan. Akwai kuma abin da suke kira jifan kwando, inda ginshiƙai suke sarƙe hannuwansu su cilla yarinya sama fiye da tsayin mutum biyu, ta yi wata siffa a cikin iska, su cafe ta a tallabe kamar jinjiri.

To, ɗan Adam ba tsuntsu ba ne. Cibiyar da ke ƙididdige munanan raunukan wasanni a Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1982 a ƙarƙashin Farfesa Frederick Mueller, ta daɗe tana tara labaran fashewar ƙoƙon kai da karayar wuya da shanyewar jiki, kuma bisa ga irin wannan ƙididdiga ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa kimanin kashi 66 cikin ɗari na munanan raunukan da suka sami 'yan matan sakandare a fagen wasa, cikin shekara 25 da suka gabata, daga wasan zuga suka fito. Adalci ne a haɗa wannan da wani bincike da mujallar likitocin yara ta buga a 2016, wanda ya nuna cewa in yawan rauni ake magana, zuga ita ce ta 18 a cikin wasanni 22, watau tana can kusa da ƙarshe. Babu saɓani tsakanin ƙididdigar biyu. Ma'anarsu ita ce rauni a wannan wasa ba ya yawan zuwa, amma ranar da ya zo yakan zo da nauyi, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na raunukan da binciken ya ƙirga buguwar ƙwaƙwalwa ce. Abin mamaki kuma, ginshiƙan da ke ƙasa sukan sha rauni fiye da ta sama, domin a kansu gwiwar hannu da diddige suke sauka.

Littafin da mafi yawan jihohi suke hukunci da shi na wata tarayya ce ta hukumomin wasannin sakandare, wadda ake taƙaita sunanta da NFHS, mai hedikwata a Indiyanafolis, kuma kowace shekara kwamiti yakan zauna ya yi masa gyara. Tarayyar ba ta da ikon tilasta wa kowa, domin a tsarin Amurka sha'anin ilimi na jihohi ne; ita dai takan rubuta matani, kowace jiha ta ɗauka ta yi masa nata sharhi, ta ƙara tsanani inda ta ga dama. Wanda ya karanta littafin zai ga cewa bai fara da manyan abubuwa ba. Ya fara ne da abubuwan da mai kallo zai raina: an hana ɗan kunne da zobe da sarƙa da duk wani ƙarfen da aka huda jiki aka saka; an wajabta yanke farce, na halitta ne ko na shago, kada ya zarce kan yatsa; an ce a ɗaure gashi yadda ba zai rufe ido ba; an hana tauna cingam ko tsotson alewa a lokacin horo da lokacin wasa; wadda kuma aka yi wa ɗorin filasta ba za ta ɗaga kowa ba, ba za a ɗaga ta ba. Wannan shi ne abin da malamanmu na usulu suke kira toshe kafar ɓarna, watau hana abin da shi kansa halal ne saboda abin da yake kaiwa gare shi, domin ɗan kunne ba ya cutar da kowa sai ranar da yatsar mai cafewa ta maƙale a cikinsa.

An yi togaciya a wurare biyu, kuma dukansu sun cancanci a ambata. Lambar da ke nuna cewa mutum yana da wata cuta, domin masu ba da agaji su gani, an yarda a sa ta muddin an manne ta a jiki da filasta. Haka kuma alamar addini, in an cire mata sarƙa an manne ta a ƙarƙashin riga. Batun lulluɓin kai kuwa ya daɗe yana bukatar takardar izni daga hukumar jiha, har sai da aka hana wata ɗaliba Musulma buga ƙwallon raga a birnin Nashbil a 2020 saboda hijabinta, maganar ta yi ƙarfi, tarayyar ta sauya hukunci a 2021 a wasanni da dama, har da zuga da rawa: a sa lulluɓin addini ba tare da neman izni ba, da sharaɗin ya zama na yadi mai laushi kuma ya zauna daram. Mai karatu na iya cewa tufafin wasan da kansu sun yi nesa da abin da muke kira sutura, kuma ba zan yi masa musu ba; sai dai su ma a can ba a bar abin sakaka ba, domin doka ta ce rigar 'yar zuga ta rufe ciki in tana tsaye, kuma masu gasa sukan zaftare maki saboda rausayar batsa ko waƙa mai kalmomin ashar.

Daga nan sai littafin ya shiga mas'alar tsawo, wadda ita ce cibiyar al'amarin. A sakandare ba a gina dala ta wuce hawa biyu, ma'ana duk wadda ke sama dole nauyinta ya kasance a kan wanda ƙafarsa ke taka ƙasa, ba a kan wata da ita ma aka ɗaga ba. 'Yan jami'a kaɗai aka yarje wa hawa biyu da rabi. In aka miƙe hannu da yarinya sama da kai, galibi sai da mai tsaron baya, kuma an yi masa sharuɗɗa kamar na mai ba da shaida: idonsa a kan ta sama, hannunsa babu kome a ciki, tsayuwarsa a inda zai iya kare kai da wuya. An hana yin alkafura a ƙarƙashin ɗagawa ko a ƙetare ta, an hana allon tsalle da shimfiɗar roba mai cilla mutum, an hana faɗawa a kan gwiwa ko mazaunai daga tsalle sai an fara sauke nauyi a kan hannu ko ƙafa. Jifan kwando kuma an kewaye shi da sharuɗɗa ta kowace fuska: masu jifa kada su wuce huɗu, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a baya, waɗanda suka jefa su ne za su cafe, wadda aka jefa kada ta riƙe kome, kada kuma kanta ya juya ƙasa.

Mafi girman waɗannan sharuɗɗa shi ne na daɓe, kuma yana da sababi sananne. Ranar 5 ga Maris 2006, ana wasan ƙarshe na wata gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i a birnin Sen Luwis, wata 'yar zuga ta Jami'ar Kudancin Ilinoi, Kristi Yamaoka, ta suɓuto daga ƙololuwar dala ta faɗo da ka a kan daɓen katako, ta sami tsagewar ƙashin wuya da buguwar ƙwaƙwalwa. Da aka ɗaure ta a gadon ɗaukar majinyata ana fita da ita, makaɗan makarantarsu suka buga taken ƙungiya, sai ta riƙa motsa hannuwanta tana bin kiɗan, talabijin kuwa yana nuna wa ƙasa baki ɗaya. 'Yan kallo sun tafa, likitoci kuwa hankalinsu ya tashi, domin mai raunin wuya ba a son ya motsa. Allah ya yi mata gyaɗar dogo ta warke, amma daga kakar 2006 zuwa 2007 aka hana jifan kwando a kan daɓen katako da duk wani daɓe mai tauri, a jami'a da sakandare, sai a kan katifa ko ciyawa ko hanyar tsere mai roba. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa munanan raunukan jifan kwando sun ragu kusan ninki huɗu bayan wannan hukunci. Hujjar a fili take ga wanda ya duba gwajin da Brenda Shields da Gary Smith suka yi a jihar Ohayo a 2009, inda suka auna tsayin da faɗuwa daga gare shi ke iya jawo raunin ka mai barazana ga rai: a kan siminti rabin ƙafa ne kawai, a kan daɓe mai sifirin kuwa sai wajen ƙafa 11. A 2012 aka sake rage wani abu da 'yan wasa ke alfahari da shi, watau saukowa daga ɗagawa da murɗawa biyu a cikin iska kafin a cafe, domin an ga yana yawan haɗa kawuna.

Yanzu sai mu koma ga teburin alƙalai, inda doka take haɗuwa da son nasara. Takardar maki a mafi yawan gasanni ɗari ce cif, an kasa ta tsakanin ɗagawa da dala da alkafura da tsalle da rawa da jagorancin 'yan kallo, kuma kowane fanni yana da fuska biyu, wuya da tsabta. A nan alƙali yana da ijtihadi, domin yana iya ba wannan takwas da rabi ya ba waccan tara, ba mai tuhumarsa. Amma takardar ragi ba haka take ba. Ita ƙayyadadden hukunci ce, kowane laifi da farashinsa a rubuce tun kafin a fara. Mafi sauƙi shi ne faɗuwar mutum ɗaya, kamar wadda ta yi alkafura ta dafa ƙasa da hannu ko gwiwa. Sama da shi akwai tangal-tangal ɗin ɗagawa, inda ta sama ta karkace har ta kusa zubewa amma aka ceto ta. Sai faɗuwar ɗagawa, inda aka sauko da ita ba a lokacinta ba amma a hannun 'yan uwanta ta sauka. Sai babbar faɗuwa, wadda jikin ta sama ko na ginshiƙai ya kai ƙasa. Sai rushewar dala, inda ɗaya ta ja sauran. Adadin makin yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, daga kamfanin gasa zuwa wani, har daga shekara zuwa shekara, amma jerin ba ya canzawa: gwargwadon kusancin kai da ƙasa, gwargwadon nauyin tara.

Bayan faɗuwa akwai tarar fita daga shimfiɗa, da tarar zarce lokaci, wanda ake fara ƙirgawa daga motsi na farko ko sauti na farko, da tarar wurgi da allon rubutu mai tauri maimakon a ajiye shi a hankali, da tarar rashin ladabin koci. Amma wadda ta fi duka ciwo ita ce tarar keta dokar tsaro, domin ita ana ɗora ta ko da ba wanda ya faɗi, ko da abin ya fito da kyau har 'yan kallo sun miƙe tsaye. Mai tsaron baya ya kau da ido, ko ya matsa taku biyu daga inda ya kamata, sai a rubuta. Saboda haka ne kociyoyi masu hankali sukan ɗauki hoton bidiyon sabuwar dabararsu su aika wa mai fassara doka na jiha ko na gasa tun da sauran makonni, suna neman fatawa, kada su zo ranar gasa su ji abin da ba su so. Bayan an sauka kuma akan ba koci ɗan taƙaitaccen lokaci ya duba takardar ragi, in yana da ƙorafi a sake kallon bidiyo. Ƙungiyar da ta fito babu ragi ko ɗaya sai ka ji yaran suna ihu suna cewa sun buga sifili, kuma sau da yawa murnar sifilin nan takan fi ta kofi.

Hikimar wannan tsari, a ganina, tana cikin lissafin da yake tilasta wa koci ya yi a ɗakinsa. A ƙaddara wata ɗagawa mai wuya za ta ƙara wa ƙungiya rabin maki, faɗuwarta kuma za ta ci maki biyu, ban da abin da alƙalin tsabta zai rage nasa. A ƙaddara kuma a wajen horo yaran suna samunta sau bakwai cikin goma. Duk wanda ya iya ƙidaya zai ga cewa hasarar da ake tsoro ta rinjayi ribar da ake kwaɗayi, a gasar da sau da yawa ɗigon maki ne ke raba ta ɗaya da ta biyu. Sai koci ya cire ta, ko da kuwa ba tausayi ne ya motsa shi ba. Wa'azi a kan amanar 'ya'yan mutane yana shiga zuciyar wani ya ƙi shiga ta wani, amma ragin maki babu kocin da ba ya jin yarensa. Sai dai kada a ɓoye cewa tsarin guda ne yake ja ta fuska biyu, domin tsarin da ke cin tarar faɗuwa shi ne kuma yake ba da lada a kan wuya, kuma duk shekarar da zakarun ƙasa suka fito da wata sabuwar dabara, badi za ka ga makarantun ƙauye, waɗanda ba su da katifa isasshiya balle ƙwararren malami, suna ta fama su kwaikwaya.

Akwai kuma wata illa da tsoron ragi yake haifarwa, ita ce yarinya ta ji kanta yana juyawa amma ta daure, don kada a ce ita ta jawo wa ƙawayenta hasara. Masu dokar sun farga da wannan. A manyan gasanni, jami'in gasa ko koci ko ita mai raunin tana da ikon tsayar da wasa, a ba ƙungiya dama ta sake yi daga baya, a ci gaba da yi mata hukunci daga inda aka tsaya. Wadda kuma aka ga alamar buguwar ƙwaƙwalwa a tare da ita za a fitar da ita nan take, ba za ta komo ba sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu. Wannan na ƙarshe ya wuce dokar wasa ya zama dokar ƙasa, tun daga jihar Washinton a 2009 har ya game jihohi 50 a 2014.

'Yan rawa suna cikin littafin nan guda, amma da babinsu daban. Su asalinsu yana komawa ga ƙungiyoyin fareti na Tekzas, waɗanda mafi shahararsu ita ce wadda Gussie Nell Davis ta kafa a Kwalejin Kilgore a 1940, kuma a yau suna gasa a fannoni kamar rawar tuntu, da jaz, da hip-hop, da harbin ƙafa sama a jere. Tun da yake sau da yawa a kan katako suke rawa ba a kan katifa ba, an hana su jifa ɗungurungum, an taƙaita tsawon abin da za a taka a hau a ƙafa biyar, kuma a gasanni da yawa ba a yarda mai riƙe da tuntu ta dafa ƙasa da hannun da ke riƙe da shi ta wuntsila ba, saboda santsi. Ragin da suka fi sha na lokaci ne da na ɗagawar da ta saɓa ƙa'ida da na motsin da bai dace ba. Amma ciwon 'yar rawa ba na faɗuwa ba ne galibi. Na maimaici ne, ƙugu da cinya da idon sawu suna cinyewa a hankali cikin watanni, kuma wannan babu alƙalin da ke iya ganinsa daga tebur.

A nan ne iyakar ikon takardar ragi take bayyana. Alƙali yana ganin minti biyu da rabi; sauran ɗaruruwan sa'o'i kuwa a wajen horo ake yinsu, inda babu shi babu alƙalaminsa. Wani bincike a kan wasannin sakandare 20, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa zuga ita kaɗai ce wadda buguwar ƙwaƙwalwa ta fi yawa a lokacin horo fiye da lokacin gasa, kuma a wajen horo ƙwallon ƙafa irin na Amurka ne kaɗai ya fi ta. Dalili bai ɓuya ba. A wajen horo ne ake gwada abin da ba a riga an iya ba. Kuma a makarantu da yawa, in 'yan ƙwallon kwando suka kama zauren wasa, sai a tura 'yan zuga ɗakin cin abinci ko baranda, a ƙarƙashin kulawar wata malamar aji da aka ɗora wa aikin don babu wani. Littafin ya yi umurni da a bi tartibi, kada a koya mataki na biyu sai na farko ya zauna, amma wa zai tabbatar? Shari'ar da ta kai Kotun Ƙolin jihar Wiskonsin ta taso ne daga irin wannan hali: wata ɗaliba a garin Holmen ta faɗi ta baya a 2004 suna gwaji ba tare da katifa ba, wanda ya kamata ya tsare mata baya ya koma gaba. A 2009 kotun ta yanke cewa zuga wasa ne na gogayyar jiki, saboda haka ba a ƙarar abokin wasa a kan sakaci.

Shekara ɗaya bayan haka, a jihar Konetikat, alƙalin tarayya Stefan Underhill ya yanke cewa gasar zuga ba ta cika sharuɗɗan wasa ba a ƙarƙashin dokar 1972 da ta hana bambanta maza da mata a makarantu, a shari'ar Jami'ar Quinnipiac, wadda ta so ta rushe ƙungiyar ƙwallon raga ta mata ta maye gurbinta da zuga. Cikin masu ba da shaida har da shi Jeff Webb, wanda a lokacin kamfaninsa na Varsity yake shirya manyan gasanni da sansanonin horo yake kuma sayar da tufafin wasan, kuma shaidarsa ta goyi bayan cewa kada a ƙirga ta a matsayin wasa. Mai karatu kada ya ɗauka gardamar suna ce kawai. Inda hukumar jiha ta amince zuga wasa ce, a nan ne akan wajabta gwajin lafiya kafin shiga, da takardar shaidar koci, da ƙayyade kakar horo, da rabon zaure, da samun mai kula da raunin 'yan wasa a kusa. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin yara a 2012, da babbar ƙungiyar likitocin Amurka a 2014, suka yi kira da a amince.

Jihohi sun amsa, amma kowace ta bi tata mazhabar. Mishigan ta daɗe da nata tsari na zagaye uku ba tare da kiɗa ba. Kalifoniya ta yi doka a 2015 wadda ta fara aiki a kakar 2017 zuwa 2018. Tekzas kuwa, da ta buɗe gasar jiha a 2016, sai ta zaɓi wani salo da ake kira ranar wasa, wanda ya mayar da nauyin maki ga jagorancin 'yan kallo da bin taken makaranta, ya taƙaita ɗagawa ya cire jifan kwando, watau maimakon ta yi ta cin tarar faɗuwa sai ta rage ladan hawa tun daga tushe, kuma ni dai wannan ya fi kwanta mini a rai ga makarantar da ba ta da hali. Har yau akwai jihohin da suke lissafa zuga a cikin ayyukan bayan aji, tare da muhawara da kiɗan badujala. Saboda haka yara biyu masu shekara 15 suna iya yin ɗagawa iri ɗaya, da littafi iri ɗaya, a garuruwa biyu da iyakar jiha ta raba, ɗaya an gwada lafiyarta kuma akwai mai duba ta in ta faɗi, ɗayar kuwa abin da ke tsakaninta da daɓe shi ne hannun wata yarinya sa'arta.